Benci a Bakin Zaure

Ina gadi a wani gida da ke bayan gari a Madawa, can inda kwalta ta rabu da hanyar lambuna. Gidan wani Alhaji ne mai fataucin albasa. Da can ma'ajiyar buhuna ce. Da ya gina sabuwa kusa da tasha, sai ya sa anka yanka tsohuwar ɗaki-ɗaki, ya zuba tsofaffin da ɗiyansu sunka tafi biɗa ba su dawo ba. Wasu ɗiyan suna Libiya, wasu Abijan, wasu ba wanda ya san inda suke. Mutanen gari suna ce masa gidan tsofaffi, kuma sukan rage murya in za su faɗa, don a wurinmu abin kunya ne a ce uwarka tana can.

A lokacin da nake magana su tara ne, maza huɗu, mata biyar. Ma'aikata mu biyu, ni da wata bazawara mai dahuwa. Manjo, babban ma'aikacin asibitin unguwa, yakan leƙo ranar Alhamis in ya samu sarari.

Sunan aikina gadi, amma ba abin da ɓarawo zai ɗauka a gidan. Ruwa ne aikin. Pampo da sassafe yake kawowa, kafin hantsi ya ɗauke. In cika duro biyu, in cika randar da ke bakin kowane ɗaki, in share tsakar gida, in wanke makewayi da fo, kwanon bayan gida na waɗanda ba su iya tashi. Ranar da pampo ya ƙi, in jera bido, wato jarkoki, a kura in tura zuwa rijiyar wani lambu.

Gidan dogo ne kamar akwati. Zaure a gaba, ɗakunan maza a hannun dama, na mata can ƙurya. Makewayi kuwa magini ya manna shi jikin zaure ta wajen titi, don in ya cika a samu sauƙin kwashewa. Pampo da duro suna nan kusa. Bencina yana tsakaninsu, ƙarƙashin 'yar rumfar kara, yana fuskantar tsakar gida. Duk wanda zai kewaya sai ya ratso filin nan kaf, ya tsaya gabana ya cika buta, sannan ya shige. Ban taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba. Tsofaffin maza har tsayawa suke mu taɓa hira, buta a hannu.

Doka guda ce a gidan, ta kwano. Kafin zuwana wani tsoho ya mutu a rame, gari ya ɗauka cewa Alhaji yana tara mutane yana kashe su da yunwa. Maganar ta yi masa ciwo. Sai ya ce kullum mai dahuwa ta kife kwanonin da sunka dawo a kan tabarma gaban murhu, in ya zo ko ya aiko a gani. Kwano tara wayam, mutum tara sun ci. Ba wanda ya tambayi cikin wa abincin ya shiga. Ruwa kuwa ba a duba shi ko kaɗan, don ba ya barin wani abin da za a kife a nuna wa Alhaji.

Abincin ba laifi in don yawa ne. Hura da hantsi, tuwo da marece. Ranar Juma'a masu sadaka sukan kawo shinkafa da taliyar maka. Da Layya nama ya yi ta shigowa har ya rasa wurin ajiya, ga shi haƙoran mutum taran nan in an haɗa su ba su cika baki biyu ba. Su tsotsa su ajiye. Masu kawowa su yi addu'a su tafi da farin ciki.

Ta taran surukata ce, uwar matata. Matata ta rasu shekara biyu kafin nan, yaranmu suna wurin ƙanwata a wajen Sabon Gida. Matar ta tafi, amma uwarta tana nan surukata, wannan ba ya warwarewa. Tsohuwar tana zaune ita kaɗai a wani ƙauye kan tudu a hanyar Buza. Ɗiyanta maza biyu duk sun tafi biɗa. Damina ta kayar da bangon ɗakinta, idonta ya fara hazo, rijiya kuma tana can ƙasan tudu. Wata maƙwabciyarta ta aiko mini. Na je, na durƙusa a bakin dannin gidan, na ce ta zo ta zauna wurina. Ba ta amsa mini ba. Maƙwabciyar ta ba da amsa, ina ji: ba za ta mutu a gidan suruki ba. Sai na kawo zancen gidan Alhaji, na ce ba nawa ba ne, ni bara ne kawai a ciki. Bayan kwana uku ta yarda. Ranar tafiya ta ƙi shiga mota sai da na fita na hau sama cikin kaya. Haka munka iso Madawa, ita a ciki, ni a kan buhunan gero tare da akuyar wani.

Mace ce da aka san ta da ƙarfi. Da ƙuruciyarta ta yi aikin dutse a tuddan Keita, lokacin da ake jera duwatsu don tare ruwa ana ba mutane hatsi da mai. Matata takan ce sai mutum biyu sun kama mata dutsen da take ɗauka a ka. Ni ban gani ba. Gaskiya ma ni ban san fuskarta sosai ba. Shekara ashirin da wani abu ban taɓa kallon tsakiyar idonta ba, ita kuma ba ta taɓa kiran sunana ba. In zan gaishe ta, in cire takalmi, in durƙusa bayan labule, kaina ƙasa.

"Inna, an tashi lahiya?"

"Lahiya lau."

"Ina gajiya?"

"Babu gajiya."

Shi ke nan zancenmu, kullum da safe. Na san ba za ta ci abinci ina gani ba, kowa ya san wannan. Don haka tun ranar farko na ce wa mai dahuwa ta riƙa kai mata kwanonta cikin ɗaki. Na ɗauka na yi dabara, na rufe ƙofar matsala.

Abin da ya biyo baya kowa ya sa hannu a ciki ba tare da ya sani ba. Mai dahuwa takan ɗan tsaya kan sauran ta ga ko sun sa hannu a kwano, amma ɗakin surukata sai ta miƙa ta wuce, tunda ita tana da nata mutum a gidan. Manjo in ya zo a gurguje yakan fara da waɗanda ba su da kowa, in lokaci ya ƙure ya ce wannan ai surukinta na nan. Ni kuma na saki jiki, tunda mace ce ke shiga ɗakin sau biyu a rana, in da wani abu za ta gani.

An haɗa ta ɗaki da wata tsohuwa daga wajen Keita, 'yar ƙarama, baki kamar reza. Kaka muke ce mata duka gidan. Ni kuma angonta take ce mini, irin wasan kaka da jika, kullum tana ƙorafin na auro ta na bar ta ba goro.

Lokacin kaka da na sanyi sun wuce lafiya. Sai bazara ta shigo. Rufin gidan na kwanon tol ne, da rana ta take tsaka ɗakunan nan sai ka ce tanda. Tsofaffin maza sukan jawo tabarma gindin bango suna bin inuwa tana gudu. Wata safiya na durƙusa na yi gaisuwata, amsar ta fito siririya, kamar daga cikin tulu. Na tare Kaka a bakin randa.

"Kaka, muryar Inna ba ta yi mini ba."

"Zahi ne, angona. Kai ma dubi kanka, kamar kilishin bara."

Na je wurin mai dahuwa na tambayi kwanonta.

"Wayam," ta ce. "Nata ma ya hi na kowa tsabta, kamar an lashe."

Na duba randarsu, tana raguwa kullum kamar ta kowa, har ma ta fi. Amma raina bai kwanta ba. Sai na yi abin da na ga ya dace da suruki na kirki. Na daina zuwa masallaci da Azahar da La'asar, na riƙa shimfiɗa buhu gefen benci ina salla a nan. Ranar da pampo ya ƙi, na roƙi wani ɗan garuwa ya kawo mana, don kada in bar gidan. Shayin da nake zuwa sha wurin mai shago na ƙetaren titi na bari. Na juya bencin ya fuskanci ƙofarta sak. Na zauna kamar an dasa ni, daga fitowar rana har kowa ya kwanta, don in ta buƙaci wani abu a same ni kusa. Kwanana ma a bakin zauren na koma yi.

Kwana takwas ina haka. Na lura ba ta fitowa ko kaɗan. Sai na ce a raina, ka gani, jikin ne ya matsa, Allah ya sa ina nan. Na ƙara matso da bencin taku uku.

Ranar Laraba bayan Azahar, gidan ya yi tsit, kaji ma sun buɗe baki a inuwa, sai ga Kaka ta fito ba sanda, tana dafa bango.

"Gardi, taso."

Ba ta taɓa ce mini gardi ba, yadda ake kiran mai gadi a wurinmu. Na tashi.

"Surukarka na kiran matarka. Wai ta zo ta sauke mata dutse."

Na je na tsaya bayan labule kamar kullum, har na fara cire takalmi.

"Shiga mana, ɗan banza! Yau ranar cire takalmi ce?"

Na shiga. Wannan ne karo na farko da na kalli fuskarta sosai. Tana kama da matata ta wajen goshi, ban taɓa sani ba. Leɓenta ya tsage, idanu sun faɗa ciki, bakin a buɗe, harshe ya bushe kamar fata. Tana magana amma ba da mu ba. Na ɗebo ruwa a moɗa na kai bakinta, ya bi gefe ya zuba a wuya. Na sa hannu na ɗauke ta. Matar da mutum biyu ke kama wa dutse, nauyinta bai kai damin kara ba.

Amalanken jakin wani maƙwabci munka samu. Mai dahuwa ta hau ta tallafe kanta, ta rufa mata zane, ni ina gaba ina jan jaki don ya ƙi sauri. A asibiti munka tarar da manjo. Ya tsunkuli fatar bayan hannunta ya saki, fatar ta tsaya a tsaye ba ta koma ba. Ya buɗe bakinta ya duba. Sannan ya juyo kaina.

"Yaushe rabonta da hitsari?"

"Ban sani ba."

"Ruwa fa? Tana sha?"

"Randar na raguwa."

"Ban tambaye ka randa ba. Ba kai ne surukinta ba?"

"Ni ne."

"Kana gidan kullum?"

"Ko masallaci ba ni zuwa."

"To mi kake kallo?"

"Ƙoharta."

Ya girgiza kai, ya tafi neman jijiya. Da ƙyar ya samu. Anka rataya ledar ruwa, ta ƙare anka sa wata. Ya ce ba wata cuta ba ce, ƙishirwa ce da yunwa, kuma da mun ƙara kwana ɗaya da ba nan za mu kawo ta ba. Ya ce tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, sai an bi shi da moɗa. Ya yi faɗa sosai, wani da Hausa wani da Faransanci. Mai dahuwa tana ta rantsuwa cewa kwano wayam yake dawowa. Ya ce ta je ta gaya wa kwanon.

Na bar mai dahuwa a wurinta na koma gida, don akwai mutum takwas da ke jiran tuwo. Ranar ni na tuƙa, ya yi gudaji, sunka ci da zagi. Bayan La'asar sakaliya na tarar da Kaka zaune bakin ƙofarsu tana jiƙa zane a randa tana lulluɓa. Nan na ga inda ruwan ke tafiya. Na tsuguna gabanta.

"Kaka, wa ke cin kwanon Inna?"

"Ni."

Ko ɗar ba ta yi ba.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da ka dasa gindinka can ka ƙi tashi."

Na ce ban gane ba. Ta matse zanen, ta dube ni da idonta guda mai gani.

"Kai dai an yi girman banza. Ina makewayin gidan ga yake?"

Na nuna.

"Wa ke zaune bakinsa?"

Na juya na dubi bencina.

"To ta ina za ta bi? Ta ɗauko buta, ta ratso hilin ga duka, ta tsaya gaban mijin ɗiyarta ta cika, ta shiga kana jin ƙarar ruwa? Ita? Da can in ka tahi Azahar sai ta lallaɓa. In ka tura kura rijiya ta lallaɓa. Da ka ji muryarta ta sauya, zahi ne kawai da ƙin shan ruwa da yawa. Sai kai kuma ka zo da alherinka ka toshe ko'ina. Har kwana ka dawo yi bakin hanya. Ta ce in ba ta sha ba, ba abin da zai hitar da ita. Hura ma ruwa ce, ta bari. Tuwo shi ma sai ya nemi hanya, ta bari. Sai ta tsoma bakin zane a moɗa ta tsotsa."

"Ga fo nan, mi ya hana ta..."

"Wa ke wanke fo a gidan ga?"

Ni ke wankewa.

"Ke kuma kin zauna kina cinye mata abinci."

"In zubar? In kwano ya koma da tuwo mai dahuwa ta yi shela, kai ka ji, ka jawo bencinka har cikin ɗaki."

"Mi ya hana ki gaya mini?"

"Ta sa na rantse. Ta ce in ka ji dalili gara ta mutu." Ta murza zanen. "Kuma hura biyu ta hi ɗaya, angona, ba ni yi maka ƙarya. Na ɗauka kwana biyu ne ka gaji ka koma shan shayinka. Wa ya san kai jaki ne?"

Ban zage ta ba. Na tashi na je na ɗauki bencin, na bi da shi ta zaure, na ajiye a waje jikin bango, yana kallon titi. Washegari na mirgina duro guda zuwa ƙuryar mata na girke. Na ce wa mai dahuwa daga yau fo na mata ita za ta riƙa wankewa, ni in karɓi surfen gero da faskaren itace. Ta yi ƙunƙuni kwana biyu ta yarda, don surfe ya fi cin ƙarfi.

Kwana huɗu surukata ta yi a asibiti. Ranar da anka dawo da ita ban tsaya ba, na tafi rijiya da kura alhali duro cike yake.

Tun daga nan na sauya yadda nake shiga gidan. In na gama aikin safe sai in tsaya a zaure in ɗaga murya, ba da kowa ba: "Na hita!" In zan dawo sai in yi sallama sau uku kamar baƙo, in tsaya, sai Kaka ko mai dahuwa ta ce in shigo. Tsofaffin maza sunka riƙa yi mini dariya. Ɗaya ya ce gardi ya zama mai shela, saura a saya masa ganga.

Sati bai cika ba Alhaji ya zo ya same ni a waje, na juya wa gidan baya. Ya sauko daga mota ransa a ɓace, don labarin asibiti ya riga ya kai masa.

"Wannan wane irin gadi ne? Mace ta kusa mutuwa a ciki, kai kuma ka hito kallon motoci?"

Na gaya masa yadda abin yake, a gajarce. Ya tsaya yana wasa da makullin mota. Ya shiga ya dubi makewayi, ya dubi ƙuryar mata, ya auna tsakaninsu da ido. Ya ce lalle magini bai yi tunani ba. Ya ce za a haƙa wani a ƙurya in an gama kwasar albasa. An kawo bulo, gaskiya ne. Yana nan jibge, awaki na hawa.

Ban ce masa dokar kwanonsa ba ta da amfani ba, gidansa ne. Har yau ana kife su a tabarma. Amma ni na fara duba wasu abubuwa da nawa ido. Akwai wani tsoho mai rawar hannu da na lura randarsa ba ta motsi. Ashe in ya ɗaga moɗa sai ruwan ya zube masa a wando, sauran su ɗauka fitsari ya yi, shi ya sa ya rage sha. Na samo masa tsohuwar butar shayi, yana sha ta bakinta ba ya zuba. Wani kuma tuwon ne ba ya wuce masa, sai an dama shi ya zama kamar kunu. Waɗannan duk sun daɗe a gabana ina hira da su. Mai dahuwa yanzu takan tsuguna a ɗakin mata har sai ta ga an haɗiya, ranar da ba ta gaji ba. Ranar da ta gaji takan miƙa ta wuce, kamar da. Mu biyu ne a kan mutum tara.

Bayan wata guda mai shagon ƙetaren titi ya kira ni, ya ce an aiko mini da saƙon murya a wayarsa. Babban ɗan surukata ne daga Libiya. Wani ya kai masa labari cewa uwarsa ta kusa mutuwa da ƙishirwa, surukin da ya kai ta gidan kuma yana zaune a titi ko leƙa ta ba ya yi. Saƙon dogo ne. Ya ce da 'yar'uwarsa na da rai da ban yi haka ba. Ya ce zai zo ya ɗauke ta da zarar hanya ta yi kyau. Na saurara har ƙarshe, mutum uku a shagon su ma sun saurara. Mai shago ya ce in danna nan in ba da amsa. Na ce a bari. Duk abin da ya faɗa ya faru, sai dai ya sa na baya a gaba. Kuma ba zan tsaya cikin shago in yi bayanin makewayin uwarsa a bainar jama'a ba. Bai zo ba har yanzu.

Da ta ɗan samu ƙarfi, surukata ta tambayi Kaka wa ya fitar da ita daga ɗaki ranar nan, don ba ta tuna komai. Kaka ta ce manjo ne da mai dahuwa, gardi ma ba ya nan, ya tafi rijiya. Ta ce madalla. Kaka da kanta ta zo ta gaya mini, ta ce in tsohuwar ta ji cewa ni na ɗauke ta a hannu, na ga fuskarta a wannan hali, to ko makewayi goma anka gina ba za ta ƙara haɗiye komai a gidan ba. Na bi mutanen gidan ɗaya bayan ɗaya na roƙe su. Na je na roƙi manjo, ya yi dariya ya ce shi kam ya ɗauki mutane da yawa, ƙarin guda ba komai. Kaka kuwa ta mai da abin gonarta. Duk ranar kasuwa sai ta aiko a ce wa angonta bakinta na ƙaiƙayi, in ba a sa masa goro ba zai iya faɗin wani abu. Ina saya.

Gaisuwar safe tana nan yadda take. In cire takalmi, in durƙusa bayan labule.

"Inna, an tashi lahiya?"

"Lahiya lau."

Muryar kawai nake aunawa. In ta fito da kauri sai in tashi, in gama cika randa, in yi shelata in fita.

A waje babu rumfa. Da safe bango yana ba ni inuwa, daga Azahar rana ta juyo ta same ni sosai, sai in ɗora buhu a ka. Manyan motoci suna wucewa da albasa, 'yan kabu-kabu suna ɗaga mini hannu, masu wucewa wasu suna kallona suna magana ƙasa-ƙasa, na san abin da suke cewa. Bangon ba shi da kauri. Wani lokaci nakan ji jan takalmi a hankali daga ƙurya, da sanda tana taɓa ƙasa, da ruwa yana ɗan motsi a buta. In na ji haka sai in tashi in ƙetara wurin mai shago, don kada in ji fiye da nan.

Wajen Magariba Kaka takan zo cikin zaure ta tsaya, ba ta fitowa, ta yi magana ta bayan ƙyaure.

"Angona, kana nan?"

"Ina nan, Kaka."

"Sau uku ta kewaya yau. Hurarta ma ta shanye, ko ludayi ba ta rage mini ba, muguwa."

"To."

"To kawai? Ina gorona?"

In miƙa mata ta gefen ƙyaure. In jira ta koma ciki, sannan in tashi in yi sallama sau uku.